Idan Ba Za A Warke Ba, Ina Amfanin Magani?

Mu ɗauka ga wata mace a ƙasar Kusada, uwar 'ya'ya. Ta daɗe da ƙullutu a nono, ba ta faɗa wa kowa ba. Daga baya ciwon baya ya kama ta, ya fi tsanani da dare. Wata rana tana ɗaukar tulu sai ƙashin cinyarta ya karye, ko faɗuwa ba ta yi ba. Aka kai ta wurin mai ɗori, ɗorin bai kama ba. Aka kai ta babban asibitin Kankiya, daga can aka tura ta Katsina. Likita ya ɗauki hoto, ya kira mijin gefe, ya ce ciwon daji ne, ya kuwa kai ga ƙashi. To, 'yan'uwa, me ya wajaba a kan gidan nan, da mu da mu ke sujada tare da su?

Bari mu fara da gaskiyar cutar. Ciwon dajin da ya fi kai wa ƙashi shi ne na nono, da na huhu, da na ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Sa'anda ya kai can, galibi likita ba ya iya raba mutum da shi. Amma akwai abin yi da yawa. Akwai ƙwayoyi da allurai masu danne shi, har waɗansu su yi shekaru suna harkarsu. Akwai maganin ƙarfafa ƙashi. Likitan fiɗa yana iya sa ƙarfe a ƙashin da ya karye. Akwai kuma gashi da na'ura: gashi ɗaya tak ya kan rage zafi ga kamar mutum 6 cikin 10. Dā sai a tafi Shika ta Zariya ko Sakkwato neman wannan, amma a 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Katsina. Idan kuwa ƙafafu suka fara mutuwa, ko fitsari ya tsaya, a tafi asibiti a ranar, gama ciwon yana danne laka ne.

Mu kan yi kuskure iri biyu. Na fari, da jin ba warkewa sai mu ce, "A kai ta gida, sai addu'a." Mu bar ta cikin ɗaki tana nishi har gari ya waye. Addu'a wajibi ce, amma ba ta ɗauke mana aikin hannu ba. Wata likita a Ingila, Cicely Saunders, ta buɗe gida a Landan a 1967 domin jiyyar waɗanda ba za su warke ba, ta nuna cewa rage zafi shi ma magani ne. A 1993 Dokta Anne Merriman ta fara irin aikin nan a Uganda, da ruwan mofin mai araha wanda a ke sha. Mun ga ɓarnar da shaye-shaye ya yi wa samarinmu, har muna tsoron kowane magani mai ƙarfi. Amma mofin da likita ya auna wa mai azaba jinƙai ne, ba zunubi ba.

Kuskure na biyu, mu ƙi yarda da maganar likita sam. Mu sayar da shanun huɗa, mu jinginar da gona, mu bi kowane mai magani da ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana 7. A ƙarshe uwa ta tafi, gona ta tafi, 'ya'ya sun bar makaranta. Muna kiran wannan ƙauna, amma sau da yawa tsoron bakin mutane ne, kada a ce mun yi rowa.

Wa zai raba mu da kurakuran nan biyu? Ita mai ciwon. Ga shi kuwa ita ce mu ke ɓoye wa. Mu kan ce, "Kada a faɗa mata, zuciyarta za ta karai." Wani lokaci akwai gaskiya a ciki, don haka ba a jefa wa mutum magana kamar dutse. A tambaye ta abin da ta ke so ta sani, a faɗa kaɗan kaɗan, a zauna kusa. Amma kada a yi ƙarya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Tun kafin likita ya yi magana jikinta ya gaya mata. Idan ta sani, ita za ta zaɓa ko a yi tafiyar Katsina, ko a nemi maganin zafi ta zauna cikin 'ya'yanta. Za ta sami zarafin gafartawa da neman gafara, ta bar wasiyya, ta sa wa yara albarka.

Saura namu. Zumunta a ƙafa take. Zumuntar mata ta raba kwanakin jiyya, matasa su yi mata noma, dattawa su tara kuɗin mota, wani ya riƙa karɓo magani kafin ya ƙare. Warkarwa ba kullum ta ke hannunmu ba. Amma kada a iske 'yar'uwarmu tana kwana da azaba ita kaɗai, alhali kuwa akwai magani, akwai mu.