Alhakin Shekarar Yaro a Ƙananan Azuzuwan Firamare

Ƙananan azuzuwan firamare su ne aji ɗaya zuwa aji uku, inda yaro kan shiga yana ɗan shekara shida, ya fita yana wajen shekara tara. A makarantun ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, kamar sauran sassan Jihar Sakkwato, shekarar karatu zango uku ce. Tana farawa a watan Satumba, ta ƙare a Yuli, kuma kowane zango da jarrabawa ake rufe shi. Daga ƙarshe a miƙa wa yaro takardar sakamako mai ɗauke da maki, da matsayinsa a aji, da 'yar kalmar malami ta yabo ko ta zargi. Wannan takarda tana tayar da tsohuwar tambaya ta fiƙihu da tarbiyya: idan shekara ta yi albarka ko ta lalace, a wuyan wa take? Yaron da aka rubuta sunansa a sama, ko manyan da suka sa hannu a ƙasa?

Matsayin ƙaramin yaro a shari'a ba a ɓoye yake ba. Littattafan farko da ɗalibi ke ɗauka a zaure, su Ahalari da Ishmawi da Iziyya, da mukallafi suke magana, wato baligi mai hankali. Hadisi ya sa yaro cikin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami, har sai ya balaga. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa ana rubuta masa ladan alherin da ya yi, ba a rubuta masa zunubi. Ko salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, iyaye aka umarta su sa yaro ya fara ta yana ɗan shekara bakwai, ba a ambaci horo a kanta ba sai ya kai goma. Tsakanin bakwai da goma akwai shekara uku, wato salloli fiye da 5,000 na tunatarwa da lallashi da nuni. Waɗannan shekaru sun kusa dacewa da zaman yaro a ƙananan azuzuwa. Idan haƙƙin Allah mafi girma an ba shi irin wannan rata, da wuya a sami hujjar tsananta wa ɗan aji biyu a kan haɗa baƙi da wasali.

Zangon farko yana zuwa ne daidai da shigowar kaka. A ƙauyukan Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, ko na Kuchi da Ungushi, lokacin girbin gero ne, wake da dawa na tafe, kowane hannu a gida yana da aiki. Saboda haka rajistar aji ɗaya ba ta cika a makon farko, wasu yaran sai an kwashe amfanin gona suke bayyana. Wanda ya zo ma, ba fanko ya zo ba. Yawancinsu sun riga sun fara makarantar allo, sun haddace Fatiha da gajerun surori, wasu sun shiga babbaƙu. Malamin da ya duƙa ya duba littafin rubutun irin wannan yaro zai ga ya soma daga gefen dama ya nufi hagu, ko ya buɗe littafin daga baya. Zai ga harafin b ya juya ya koma d, lanƙwasar ƙ ta sauka a inda ba wurinta ba. Malami mai gaggawa sai ya ce, “Wannan daƙiƙi ne.” Alhali hannun yaron biyayya yake yi ga abin da alaramma ya koya masa da asuba, kuma yana fama da tsarin rubutu biyu a rana ɗaya, aikin da babba ma zai ji a jikinsa. Kalmar da aka jefe shi da ita a wannan mako tana iya bin sa har ya bar makarantar.

Harshen koyarwa ma zaɓin manya ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, kuma littattafan Mu Karanta da aka shigo da su makarantun jihohin Sakkwato da Bauci da tallafin Amurka a kan wannan tunani aka gina su: yaro ya fara da sautin haruffan Hausa, ya haɗa gaɓa, sannan ya karanta labari. Inda aka bar wannan aka sa yara rera jimlolin Ingilishi da ba su san ma'anarsu ba, ajin zai cika da amo, amma a ƙarshen zango kaɗan ne za su iya karanta sunansu. Ɗan rugar da Fulfulde yake ji a gida nauyinsa ya ninka na sauran.

Zango na biyu yana farawa cikin hunturu ya ƙare cikin zafin bazara, kuma shi ne mafi natsuwa, domin aikin gona ya lafa in ban da na fadama. A nan ne batun wasa ke tasowa. Da yawa cikin iyaye, da wasu malamai, suna ganin duk lokacin da aji ya yi waƙa da tafi, ko aka fita fili ana langa da carafke, to an ɓata lokacin karatu. Magabata ba haka suka gani ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga karatu, domin hana shi wasa da matsa masa kullum yana kashe zuciyarsa, ya dakushe basirarsa, har ya riƙa neman dabarar kuɓuta daga karatun gaba ɗaya. A aikace ma wasan da darasin ba sa rabuwa. Yarinyar da ke carafke tana ƙirga tsakuwa biyu-biyu da uku-uku tun kafin a koya mata tarawa a allo. Yaron da ya gina saniyar laka ko ya haɗa motar kara yana awo da kwatance. Tatsuniya da kacici-kacici suna koya wa aji sauraro da jeranta magana, waɗanda su ne tushen fahimtar abin da aka karanta. Malamin da ya tara marafan kwalba da guntayen kara a gwangwani don darasin lissafi ya fi fahimtar aikinsa a kan wanda ya cika allo da lambobi ya zauna.

Sai batun bulala, wanda a kansa ne aka fi jayayya. Masu kare ta sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karin maganar gaskiya ce, amma mai tanƙwara ɗanyen icce a hankali yake bi, ya ɗaure ya jira, don ya san in ya yi da ƙarfi karyewa zai yi. Malaman Malikiyya sun daɗe da sa wa abin iyaka. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban masu koyar da yara, inda ya taƙaita horo ga bulala uku in ba da izinin uba ba, ya kuma hana malami duka cikin fushi. Ibn Haldun ya keɓe fasali a Muƙaddima yana nuna cewa tsanani ga masu koyo yana haifar da kasala da ƙarya da munafunci, domin yaro yakan koyi nuna abin da ba shi ne a ransa ba don gudun hannu. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, kuma ya shaida cewa bai taɓa yi masa tsawa a kan abin da ya yi ko ya bari ba. A ajin da yara suka yi yawa, malami ɗaya, ba benci ba littafi, bulala takan zama hanyar samun shiru. Uzurin malamin abin dubawa ne, amma ba ya mayar da laifin cunkoso kan yaron da ke zaune a ƙasa.

Akwai masu cewa wannan ra'ayi zai sangarta yara: in ba a kama yaro da komai ba, yaushe zai koyi ɗaukar nauyi? Amsar ita ce ɗauke alƙalami bai ɗauke tarbiyya ba. Ibn Abi Zaid ya wallafa Risala ne don a koyar da yara tun kafin balaga, domin addini ya riga ya zauna musu kafin ya zama wajibi a kansu. Saboda haka ana sa ɗan aji uku ya zo da wuri, ya share aji ranar da layi ya zo kansa, ya mayar da fensirin da ya ara, ya ba wanda ya ture haƙuri. Ana yi masa gyara, ana nuna masa ɓacin rai. Bambancin yana ga niyya da ma'auni: ana saba masa da nauyin da zai ɗauka gobe ne, ba ana yanke masa hukunci a kan na yau ba.

Tarihin yankin yana goyon bayan wannan fahimta. Tambuwal ribaɗi ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya riƙe, kuma Shehu a cikin Nurul Albabi ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Bai zargi waɗanda aka bari ba, masu barin ya zarga. Dokar zamani ma nan ta faɗa. Shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, sun ɗora wa gwamnati samar da karatu kyauta, suka ɗora wa iyaye kai yaro makaranta, kuma uba ko mariƙi ne dokar ta tanadar wa hukunci idan aka ƙi.

Zango na uku gajeren numfashi ne da shi. Da ruwan shuka ya sauka, wajen watan Yuni, maza kan bi iyaye gona, 'yan mata da dama kuma talla ce ke cin safiyarsu, sannan a wasu ƙauyukan kan iyaka rashin tsaro yakan katse zuwa makaranta. Jarrabawar Yuli tana auna duk waɗannan a dunƙule, amma sunan yaro kaɗai take ɗauka. Amfaninta na gaskiya shi ne ta nuna wa malamin aji da hedimasta da kwamitin iyaye da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma inda aka tsaya: wane ne ya san haruffa bai iya haɗa su ba, wane ne ke karanta kalma amma jimla ta gagare shi, kwana nawa kowane yaro ya yi fashi kuma me ya hana shi zuwa. Jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ba ya ba da ko ɗaya daga cikin waɗannan bayanai. Ciyar da yaro gaba bai iya karatu ba, don kawai shekara ta cika, tura matsalar ce zuwa aji huɗu inda darussa ke komawa ga littafi kacokan. Maimaita masa aji ba tare da an sauya komai a koyarwar ba shi ma bai cika yin magani ba. Abin da ya fi dacewa shi ne malamin da ya riƙe yaro ya miƙa wa na gaba bayanin inda kowane ɗalibi ya tsaya, a ware makonnin farko na sabuwar shekara don waɗanda haɗa baƙi bai zauna musu ba, a kuma sanar da iyayensu tun kafin a shiga girbi.