Yabez: Sunan Wahala, Rayuwar Albarka

Karatu: 1 Tarihi 4:9-10
Ayar haddacewa: 2 Korantiyawa 5:17

Mu nan mun san yadda ake sa wa yaro suna bisa halin da aka haife shi a ciki. Wanda ya rasa uwa ko uba yana jariri, sai a ce masa Talle. Wadda yayyenta suka yi ta mutuwa kafin ta zo, sai a ce mata Ajuji. Haka Ibraniyawa ma suke yi.

Surori 9 na farkon littafin Tarihi na ɗaya jerin sunaye ne, wane ya haifi wane. Amma da aka kai kan wani mutum cikin zuriyar Yahuza, sai aka dakata aka ba da labarinsa. Uwarsa ta haife shi da azaba, ta sa masa suna Yabez, wanda a Ibrananci yake kama da kalmar da ke nufin zafi da baƙin ciki. Duk lokacin da aka kira shi, ana tuna masa cewa da wahala ya shigo duniya.

Yabez bai yi faɗa da uwarsa ba, bai kuma zauna yana kuka ba. Ya kai ƙara wurin Allah na Isra'ila, ya roƙi abu huɗu: albarka, faɗaɗa iyakarsa, hannun Allah ya kasance tare da shi, a kuma tsare shi daga masifa domin kada zafin nan ya bi shi. Allah kuwa ya amsa. Sunan bai canza ba, amma Nassi ya shaida cewa ya fi 'yan'uwansa daraja. Halleluya!

Kai fa, wane suna aka liƙa maka a Badarawa? Wataƙila "ɗan mashayi". Wataƙila ka gama makaranta, ka zaga Kawo da Malali kana neman aiki, yanzu ana ce maka "zauna-gari-banza". 'Yar'uwa, wataƙila dangin miji suna ce miki juya. Wannan sunan ba shi ne maganar ƙarshe ba. Wanda yake cikin Almasihu an halicce shi sabo.

Ku kuma iyaye, ku kula da bakinku. A Farawa 35:18, Rahila tana bakin mutuwa ta kira ɗanta Ben-oni, wato ɗan baƙin cikina, amma Yakubu ya kira shi Biliyaminu, ɗan hannun dama. Kada fushi ya sa ku ce wa yaro "marar amfani". Ku sa masa albarka yau kafin ya fita.

Addu'a: Ya Uba, ka san sunan da ake kirana da shi a ɓoye. Ka sa mini albarka, ka faɗaɗa iyakata, hannunka ya riƙe ni. Na ƙi kowace mugunyar kalma da aka furta a kaina, cikin sunan Yesu. Amin.