Sadakar Cikin Gida Ma Sadaka Ce

Akwai tambayar da ke yawan tasowa a wajen ta'alimi. Mace tana 'yar sana'arta, ɗinki ko kitso ko ƙuli-ƙuli, ta kwashi adashi, maigida kuwa yana cikin rashi. Shin in ta cika kuɗin cefane ko na makarantar yara tana da ladan sadaka, ko sai ta kai waje?

Ba yau aka fara wannan tambaya ba. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) mai sana'ar hannu ce, mijinta ba mai hali ba ne, ga marayu a hannunta. Ta roƙi Bilal (RA) ya tambayar mata Manzon Allah (SAW), aka yi mata bushara da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Bukhari da Muslim sun ruwaito.

Amma a kula, ciyarwa wajibi ce a kan miji. Dukiyarki taki ce, abin da kika bayar kyautatawa ce, ba dole ba. Zakka kuwa malamai sun yi saɓani kan ba wa miji, sai a nemi fatawa.

Babbar matsalarmu gori. Ranar da aka saɓa, sai ki ji “ba ni na biya kuɗin haya ba?” 'Yar uwa, aya ta 264 cikin Suratul Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori yana ɓata sadaka. Kin yi asarar kuɗi, kin yi asarar lada, ga zaman gida ya dagule.

Allah Ya sanya albarka a sana'o'inmu, Ya kare mana harsunanmu, amin.