Ɗana, Kafin Ka Karɓi Makullin Sabuwar Mota

Ɗana, na san abin da ke ranka. Aiki ya zauna, iyali sun ƙaru, tsohuwar motar ta fara mayar da kai ɗan gida a gareji, zuciyarka kuma ta kwanta a kan sabuwa dal a leda: Camry, ko Accord, ko Sonata, ko Peugeot 508. Ba zan hana ka ba. Madaidaiciyar mota mai ƙofa huɗu, wadda za ta kwashi mutum biyar da kayansu daga Kano zuwa Abuja cikin natsuwa, ba almubazzaranci ba ce ga mai hali. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ciniki biyu ne a gabanka: cinikin mota daban, cinikin bashi daban. Mai sayarwa zai so ya cakuɗa su wuri guda, domin a cikin cakuɗar ribarsa ke ɓuya. Kai kuwa ka raba su, ka gama na farko kafin ka buɗe bakin na biyu.

Fara da sanin kasuwa. Tun watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi darajarta, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, farashin sabuwar mota ya koma bin dala sau da ƙafa. Saboda haka farashin baki ba abin dogaro ba ne. Ka je wurin dillalai uku aƙalla, kowanne ya ba ka farashi a rubuce, a kan samfuri ɗaya, shekara ɗaya, girman inji ɗaya. Takardar ta faɗi kwana nawa farashin zai tsaya, ta kuma faɗi ko harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 yana ciki, da kuɗin rajista da lamba da na kawo motar garinku. Sau da yawa wanda ya fi araha a baki shi ne ya fi tsada idan aka tattara waɗannan.

In ka shiga wurin, kada ka bari fuskarka ta riga bakinka magana. Wanda ya shafa sitiyari yana murmushi, ya kira uwargida a waya ta ga launi, ya riga ya gama yi wa kansa ciniki. Za a tambaye ka, cikin fara'a, nawa za ka iya biya a wata. Kada ka amsa. Ka ce farashin motar kake so tukuna, kamar mai biya lakadan. Ka taya ƙasa da mafi arahar takardun da ke hannunka, amma tayi na mutunci, ba na wulaƙanta kayan mutane ba. In aka ce albarka, ba ƙarshen magana ba ke nan. Ka yi godiya, ka bar lambar wayarka, ka tafi. Ma'aikatan sayarwa suna da adadin da ake so su cika, kuma motar da ta daɗe a ajiye kuɗi ne kwance. In ƙarshen wata ko ƙarshen shekara ya matso, sau da yawa wayarka za ta yi ƙara.

In farashi ya ƙi motsi, nemi gyara ta wata fuska: sabis na farko kyauta, ko su ɗauki nauyin rajista, ko inshorar shekarar farko. Duk abin da aka yi maka alkawari ya shiga takarda. Tsohuwar motarka kuma kada ka sa ta cikin maganar sai an sallama sabuwar, domin abin da aka rage maka a nan ana iya fanshe shi a can. Ka fara jin tayinta a kasuwa. In akwai ɗan tsakiya, a yanke la'adarsa tun farko, a san wanda zai biya.

Ka kuma tabbatar sabuwar ce da gaske. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta; su za su gaya maka ko motar ta shekara biyu tana shan rana. Lambar jikin mota, mai haruffa da lambobi 17, ta dace da wadda ke takardun kwastam. Sannan garanti. Motar da wani ya ɗauko daga Dubai ko Amurka tana iya zama sabuwa fil, amma wakilin kamfanin a Najeriya ya ce bai san da ita ba ranar da giya ta sami matsala. Ragin da aka yi maka ba zai sayi giya ba. Ka tambayi shekara nawa ne garantin, kilomita nawa, kuma ina ne garejinsu mafi kusa da kai. Abin da ya sa iyayenku suka riƙe 504 tun da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, har da cewa kowane gari akwai makanikinta da kayan gyaranta.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro a kanka, wato bashi. Mutum zai yi kwana da kwanaki yana ja-in-ja a kan naira miliyan ɗaya, sannan ya sa hannu cikin minti biyar a takardar da za ta ci masa miliyan goma. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuwa a saman wannan suke ɗora nasu. Bari in buga maka misali, ka ɗauki biro ka bi ni. A ce bayan kafin alƙalami saura naira miliyan 30, a kan kashi 30 cikin 100 a shekara, ana lissafi a kan abin da ya rage. In shekara uku ce, za ka riƙa biyan kusan miliyan 1.27 a wata, jimla kusan miliyan 46. In aka ce a sauƙaƙa maka, a ja shi zuwa shekara biyar, biyan wata zai sauko wajen naira 970,000, amma jimla ta haura miliyan 58. Sauƙin nan miliyan 12 ka saye shi, kuma a shekara ta biyar kana biyan kuɗin sabuwar mota a kan wadda ta riga ta tsufa.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Wani zai ce maka nasa kashi 20 ne kacal, amma yana lissafa shi a kan asalin bashin kowace shekara, kamar ba ka taɓa biyan ko kwabo ba. Miliyan 6 sau uku, miliyan 18 ke nan, jimla miliyan 48. Ka ga kashi 20 ɗinsa ya fi kashi 30 na wancan tsada. Don haka tambayarka ɗaya ce ga kowa: daga yau zuwa ranar da zan gama, naira nawa za su fita daga aljihuna, har da kuɗin takardu, da na na'urar bin sawun mota, da inshora? A rubuta maka adadin. Inshorar ba ƙaramin abu ba ce, domin mai ba da bashi ba zai yarda da ƙaramar nan ta naira 15,000 ba, sai cikakkiya, wadda tun Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ce kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. A motar miliyan 40, miliyan 2 ke nan duk shekara.

Ni dai, ɗana, ba na so ka kusanci kuɗin ruwa, kuma yanzu akwai mafita. Akwai bankunan da ba sa hulɗa da kuɗin ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. A tsarin murabaha banki ne zai sayi motar, ta zama tasa, sannan ya sayar maka da riba sananniya, farashin kuma ba ya ƙaruwa bayan an ƙulla. Amma halaccin ciniki ba ya nufin araha. Ribar a kan farashin da aka sayo motar ake ɗora ta, don haka kowace naira da ka rage a wurin dillali ta rage maka sau biyu. Ka kwatanta jimlarsu da ta junansu, ka tambayi ko suna yin rangwame ga wanda ya biya kafin wa'adi, da abin da ke biyo baya in albashi ya makara. Inshorar ma akwai ta takaful.

Ka ba da kafin alƙalami mai kauri gwargwadon iko, amma kada ka kwashe ajiyar gida kaf, domin rashin lafiya da kuɗin makaranta ba sa jiran mota. A ganina, biyan wata da inshora da mai, wanda ka san yadda ya koma tun cire tallafi a Mayun 2023, kada su haura kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. In sun haura, sauko zuwa ƙaramar mota ko ka ƙara shekara guda kana tari. Babu abin kunya a ciki. Kada kuma ka ɗauka za ka iya kauce wa bashin banki: tun 2020 akwai tsarin da ya ba bankuna damar bin lambar BVN su cire kuɗinsu daga asusunka na wasu bankunan. Wanda ya tsaya maka ma ka tuna da shi, mutuncinsa ka jingina.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka kada kunya ta hana ka cewa a ba ka yarjejeniyar ka tafi da ita gida. Ka kwana da ita, ka nuna wa lauya ko wani masanin lissafi da ka amince da shi. Ka duba sunan wa ke kan takardun motar, wa ke riƙe da makulli na biyu, kuma bayan saɓa biya sau nawa ne za su iya ɗauke ta. Ranar da Allah Ya nufa ka biya kason ƙarshe, kada ka bar bankin sai da takardar shaidar cewa ba sa bin ka komai, da makullin nan na biyu, da asalin takardun kwastam, sannan ka je a mayar da rajistar da sunanka kai kaɗai.