Ko Ya Dace Talaka Ya Yi Wa Ɗan'uwansa Shari'a?

Ya ku 'yan makaranta, a ƙasar Ingila akwai wata al'ada ta shari'a wadda ta isa ku tsaya ku yi tunani a kanta. Mu a nan mun saba alƙali shi ke jin ƙara, shi ke bin shaidu, shi ke yanke hukunci. A can kuwa, in an tuhumi mutum da babban laifi, kamar kisan kai ko fashi, ba alƙali ke cewa ya yi ko bai yi ba. Mutum goma sha biyu ne daga cikin jama'ar gari, waɗanda a ke kira juri. Abin tambaya shi ne, ko daidai ne a aza wa baduku da direba da mai sayar da burodi wannan kaya, alhali ba su taɓa buɗe littafin doka ba?

Bari mu fara da yadda abin ke gudana. Daga littafin masu jefa ƙuri'a a ke tsamo sunaye, bisa kan wanda ta faɗa wa, namiji ko mace, daga mai shekara 18 zuwa mai 75. Sai a aika masa da takardar sammaci. Wanda ya ƙi zuwa ba da uzuri ba, ana iya cinsa tarar da ta kai fam 1,000. Galibi kwana goma na aiki a kan yi, kuma tilas ubangidansa ya sake shi. Ba shi da albashi, sai kuɗin mota da na abinci da ɗan abin rage hasara.

Ran shari'a akawun kotu ya kira sunaye goma sha biyu, kowa ya yi rantsuwa zai bi shaidar da ya ji. Wanda ya san mutumin da a ke tuhuma, wajibi ne ya faɗa. An hana su taɗin maganar da kowa a waje, har ma a 2015 aka sa dokar ɗauri har shekara biyu ga wanda ya je neman labarin shari'ar a intanet. In an ƙare jin shaidu, alƙali ya bayyana musu abin da doka ta ce, sa'an nan su shiga ɗaki su kaɗai, su naɗa shugaba, su yi shawara. Abin da a ke so bakinsu ya zo ɗaya. Amma tun 1967, in sun shafe aƙalla awa biyu ba su daidaita ba, alƙali na iya karɓar maganar goma daga cikinsu. In sun ce ya yi, alƙali ne ke yanke horo.

To, masu sukar wannan al'ada suna da hujja. Sun ce wanda bai san doka ba, lauya mai zaƙin baki na iya juya shi, ko tausayi ya rinjaye shi, ko ƙiyayyar wata kabila. Wannan gaskiya ne, yakan faru. Amma a lura da abin da a ke tambayarsu. Ba fassarar doka a ke nema gare su ba. Abin da a ke so su gane shi ne, wannan shaidar gaskiya ya faɗi ko ƙarya? Wanda ya yi shekara talatin yana ciniki a kasuwa ba baƙo ne ga wannan ilmi ba. Kuma abin da ya kuɓuce wa ido biyu, da wuya ya kuɓuce wa ashirin da huɗu.

Akwai kuma hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Alƙali ma'aikacin hukuma ne, waɗannan kuwa ba mai ƙara musu girma, ba mai tuɓe su, gobe kowa zai koma sana'arsa. Ga misali. A 1670 aka kai William Penn da William Mead kotun Old Bailey ta Landan, don sun yi wa'azi a bakin titi. Alƙalai suka matsa a ce sun yi laifi, juri suka ƙi. Aka kulle su kwana biyu, ba ci, ba sha, ba wutar jin ɗumi, ba su sake magana ba. Aka ci su tara. Ɗayansu, Edward Bushel, ya ƙi biya, aka ɗaure shi, ya kai kuka gaba. Babban alƙali Vaughan ya yanke cewa ba a horon juri saboda hukuncin da suka ga shi ne gaskiya. Tun daga ran nan talakan Ingila ya sami garkuwar da mai mulki ba ya iya fizge masa.

Amma fa garkuwan nan ba ta da amfani sai a hannun mai riƙon amana. In ɗan juri ya bi bakin sauran don ya ƙosa ya tafi gida, ya ci amanar mutumin da ke tsaye gabansa. In kuwa ya kafe don girman kai, ya toshe kunne ga hujjar 'yan'uwansa, ya ci amanar wanda aka cuta. An umurce shi kada ya ce mutum ya yi laifi sai ya tabbata, domin zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Kuma tun da doka ta hana a faɗi abin da aka tattauna a ɗakin nan, ba wanda zai yabe shi ko ya zarge shi, sai zuciyarsa.

Saboda haka amsarmu ita ce ya dace, muddin talakan ya ɗauki abin da nauyinsa. Watakila yawancinku ba za ku taɓa zama a wannan kujera ba. Amma waɗansunku za su zama malamai, waɗansu akawuna, waɗansu shugabannin jama'a, za a riƙa kawo muku ƙarar mutum yana nan ko ba ya nan. Ku koyi halin tun yanzu a ɗakin karatu: ku ji ta bakin kowa kafin ku buɗe naku, kada ku yanke bisa jita-jita, kada kuma yawan mutane ko tsawar babba ta sa ku faɗi abin da ba ku gani ba. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.