Shin Yafiya Tana Biyan Bashi?

A 1913, dokar filaye ta Afirka ta Kudu ta keɓe wa baƙar fata, duk da rinjayensu, kimanin kashi 7 cikin ɗari na ƙasar kakanninsu. Da mulkin wariyar launin fata ya kau a 1994, Nelson Mandela ya zaɓi sulhu maimakon ramuwar gayya. Lalle ya cancanci yabo. Amma binciken gwamnatin ƙasar na 2017 ya nuna kashi 72 cikin ɗari na gonakin ɗaiɗaikun mutane suna hannun farar fata. To, mu tambayi kanmu: idan wanda aka ƙwace wa gona ya yafe, gonar ta halatta ga wanda ya ƙwace ke nan? A ganinmu, yafiya zuciyar wanda aka zalunta take wankewa. Azzalumi kuwa, sai ya mayar da kayan mutane.