Shin Fargabar Fari Raunin Imani Ce?

Tun daga farin 1973, wanda ya halaka dabbobi masu ɗimbin yawa a ƙasar Hausa, damina ta zama abar zullumi. Tafkin Chadi ya janye, hamada tana cin gonaki. Manomi ya kan kwana yana duban sama, har waɗansu su ce masa ba shi da tawakkali.

Lalle akwai gaggawa cikin wannan hukunci. A shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira Shekarar Toka, fari ya afka wa Madina. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya damu har kamanninsa suka sauya, ya daina cin man shanu sai talakawa sun samu, amma ba wanda ya tuhumi imaninsa. Ya fita roƙon ruwa, ya kuma rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci.

Fargabar da ake zargi ita ce mai kai mutum ga yanke ƙauna, har ya ce tun da ƙasa ta riga ta lalace, bari ya sare ɗan gawon da ya rage a gonarsa ya sayar. Alhali kuwa gawo da rani yake fid da ganye, lokacin da ciyawa ta ƙare, awaki ba su da abin ci sai shi.